Maratayin Hula na Ƙazamar Gona

Dougal Rennie yana ɗingishi da ƙafar hagu tun yana saurayi, kuma duk wanda ya tashi a kwarinmu, can ƙarshen kudancin New Zealand, ya san inda ya samo ɗingishin. A zamanin da aka fara kiwon barewa ba a kasuwa ake sayenta ba, daga kan duwatsu ake kamo ta da rai. Murray Strachan ne ke tuƙa jirgi mai saukar ungulu, Dougal kuwa yana tsaye a kan ƙafar jirgin. Murray zai bi barewa har ta gaji, ya sauko dab da bayanta, sai Dougal ya saki hannu ya faɗa kanta, su yi ta birgima a gangare har ya ɗaure ta. Shi ya sa Murray yake kiransa Buhu, wai aikinsa kawai a jefa shi. Shi kuma yana kiran Murray Direba.

Shekara bakwai suka yi a haka, har ranar da wata jar barewa mai tsagaggen kunne ta juya a ƙarƙashinsa ta haɗa ƙugunsa da dutse. Da Murray ya sauko, ya same shi kwance ba ya iya motsi, amma hannunsa yana riƙe da ƙafarta ta baya. Wannan barewar bai sayar da ita ba. Da suka bar aikin jirgi suka sayi gonaki biyu da ke maƙwabtaka, ita ce ta fara shiga shingen Dougal.

Daga nan hanyarsu ta soma rabuwa, ko da yake rafi ɗaya ne ya ratsa gonakin. Murray ya gane da wuri cewa arzikin barewa a kanta yake. Ɗanyen ƙaho, wanda ake yankewa kafin ya yi tauri, masu haɗa magani na ƙasashen gabas suna rububinsa. Sai ya shiga shigo da manyan toraye, wato mazan barewa, daga Turai, masu ƙaho kamar reshen itace, kowanne da takardar asalinsa har kakan kakansa. Kowane watan Janairu yana gwanjon 'ya'yansu, da littafi mai sheƙi ɗauke da hotuna. Dougal kuwa ya tsaya a kan jinin daji. Bareyinsa gajeru ne, masu tsoro, ƙahonsu ba abin nunawa ba, nama kawai yake sayarwa. Shi da matarsa Noeline ba su yi arziki ba, ba su kuma rasa abin sawa a tukunya ba.

Shekarar da aka yi fari, ciyawar Murray ta ƙone, ya zo ya roƙi a bar masa bareyi mata sittin da 'ya'yansu su yi kiwo a fadamar Dougal, wadda ba ta bushewa. Dougal bai ko tsaya tunani ba. Ranar da aka sauke su, ya lura da biyu da suka rame, wutsiyarsu duk ta ɓaci da zawo. Ya nuna wa Murray.

"Tsutsar ciki ce, Buhu," in ji Murray. "Na ɗura musu magani jiya. Kai dai ka iya faɗowa daga sama, bar mini likitanci."

Suka yi dariya. Wata uku bareyin suka yi a fadamar.

Da sanyi ya shigo a shekara ta gaba, yayayyun 'ya'yan bareyin Dougal suka fara zawo. Suna ci, amma abincin ba ya zama a jikinsu. Gashinsu ya dushe, ƙashin bayansu ya fito, cikin 'yan makonni sai ka ga ɗan barewa yana tsaye iska na kaɗa shi. Likitan dabbobi ya ce cutar hanji ce da ake kira Yoni. Ƙwayarta tana fita a kashi, ta zauna a ƙasa mai laima, tana kama shanu kamar yadda take kama barewa, kuma ba ta da magani. Cikin yayayyu ɗari biyu, casa'in Dougal ya harbe da hannunsa ya ja su da tarakta zuwa ramin mushe.

Da a nan abin ya tsaya, da ya haƙura. Dabba tana mutuwa, kowa ya sani.

Amma akwai gasar ƙaho da ake yi kowace shekara a zauren taron kwarin, ranar Asabar da rana. Maza su jera ƙahonin da suka yanke a kan tebur, kowace mace ta kawo faranti cike da abin ci. Murray ne alƙalin gasar. Dougal ya kawo ƙahon wani matashin toro, jikan barewar nan mai tsagaggen kunne, ba don yana sa ran cin komai ba, don dai a ga bai ɓuya ba. Ƙahon kuwa mummuna ne, ɗaya ya miƙe sama, ɗaya ya karkace waje kamar ƙugiya. Ana cikin zagayawa sai wani mai kiwon shanun madara ya tambayi Murray a gaban kowa ko cutar nan ta tsallaka wurinsa. Murray ya ce shi dai garkensa fes yake, in ban da 'yan matan da ya yi kuskuren kaiwa kiwo waccan ƙazamar gonar, su ma ya kawar da su tuni. Sannan ya iso kan ƙahon Dougal, ya juya shi, ya cire hularsa ya rataya a kan ƙugiyar.

"Wannan kam an yi kuskuren tebur," ya ce. "Maratayin hula ne, a kai shi bakin ƙofa."

Zauren ya ɗauka da dariya. Da aka tashi, Noeline ta je ɗaukar farantinta na naɗaɗɗen burodi da cuku, wanda a da ba ya kai rabin sa'a a tebur, ta same shi yadda ta ajiye. Ba wanda ya taɓa ko ɗaya.

Sunan nan na ƙazamar gona ya bi gonar Dougal. Motar ɗaukar dabbobi ta koma zuwa wurinsu a ƙarshe, bayan ta gama da kowa. Masu shanu suka daina sayen harawarsa. Wanda ya shigo da wata buƙata, kafin ya shiga motarsa sai ka ga yana goge takalminsa a ciyawa yana satar kallon gidan. Noeline ta daina zuwa zauren. Bayan wata biyar, mai motar haƙa da ya zo buɗe wa Dougal sabon rami ya faɗa masa, cikin hira kawai, cewa irin wannan ramin ya haƙa wa Murray a bayan itatuwa, shekara guda kafin farin, kuma Murray ya ce masa kada ya yi surutu. Wato Murray ya san abin da ke cikin dabbobinsa ranar da ya sauke su a fadamar.

Shekara huɗu Dougal yana juya maganar. Ya yi tunanin wuta, ya yi tunanin bindiga, ya yi tunanin kotu, duk ya ga ba su kai inda yake so ba. Rumbu in ya ƙone a sake ginawa. Abin da Murray yake ji da shi, abin da ya sa ya yi ƙaryar tun farko, shi ne takardun asalin nan. Can Dougal yake so ya sa hannu.

A wurinmu shingen iyaka rabawa ake yi, kowane maƙwabci da rabin da yake gyarawa. Inda shingen ya tsallaka rafi akwai ƙyauren katako da ke rataye a waya, ruwa ya ɗaga shi in ya yi yawa, ya sauka in ya janye. Wannan ƙyauren a rabin Murray yake. Sannan lokacin ruri, wajen ƙarshen Maris zuwa Afrilu, sa'ad da toraye ke haukar barbara, ba wanda yake sa toro a filin iyaka sai ya buga wa maƙwabcinsa waya. Su kuwa shekara huɗu ko gaisuwa ba ta haɗa su ba. Murray ya ci gaba da sa zaɓaɓɓun matan garkensa arba'in a filin rafi tare da babban toronsa Baron, don can ne ba hayaniya. Kuma kowace Ista yana ɗaukar iyalinsa da kwalekwalensa su tafi tafki mako guda, don a lokacin ruri ba a damun dabbobi.

Toron da aka yi wa ba'a ya girma a wannan tsakanin, kuma Dougal bai sake masa suna ba, Maratayin Hula yake kiransa. A shekarar ya ƙi yanke masa ƙaho, ya bar shi ya yi tauri. Baron kuwa, kamar kowane toro mai tsada, an yanke nasa tun yana ɗanye an auna an ɗauki hoto.

Ranar Juma'ar Ista da tsakar rana Dougal ya kora Maratayi zuwa filin iyaka, ya shiga rafin har gwiwa, ya warware waya biyu, ya cusa wani reshe a ƙarƙashin ƙyauren kamar ruwa ne ya kawo shi. Ya hau tudu ya zauna da madubin hangen nesa da burodinsa a takarda. Faɗan bai daɗe ba. Baron ya fi girma nesa ba kusa ba, amma kansa a aske yake. Kafin Dougal ya gama burodin, toron Turai yana can kusurwar shinge yana haki, mummunan ɗan daji kuma yana zagaya mata arba'in yana ruri.

Da ya koma gida Noeline tana zuba shayi. Ta ce ba ta ji muryar Maratayi a bayan rumbu ba. Ya ce ya tafi ziyara. Ta dube shi, ta dubi jiƙaƙƙen wandonsa, ta tura masa kofi.

"To, tsoho," ta ce, "Allah ya sa ya gaida kowa da kowa."

Kwana shida ya bar shi. Rana ta bakwai ya shiga da babur da karnuka biyu ya koro shi, ya sha sukar ƙaho a cinya, ya ɗaure ƙyauren yadda yake. Lissafinsa mai sauƙi ne. Za a haifi 'ya'yan a Disamba, Murray zai rubuta su da sunan Baron, ya sayar da su da sunan Baron, bayan shekara biyu kuma ƙugiya ta fito a kansu a gonakin mutanen da suka biya kuɗi mai yawa. Dougal yakan kwanta a kujera bayan abincin rana yana jin ƙarar wayar Murray a zuciyarsa.

Ba a kai ga haka ba. Sanyin da ya biyo bayan yaye 'ya'yan, cutar ta fashe a gonar Murray yadda ba ta ɓoyuwa. Sau uku motar haƙa ta wuce ta ƙofar Dougal ta hau wurin maƙwabcinsa, kuma sau ukun Dougal yana jingine da ƙofa yana ɗaga wa direban hannu. Ya ɗauke shi a matsayin gyara a kan ciniki.

Sai wata safiya wata ƙaramar mota ta tsaya a gidan. Sabuwar likitar dabbobi ce, Marama, wadda ke taimaka wa wasu masu bincike ɗibar jinin bareyi a gonakin da cutar ta shiga. Ba ta goge takalminta ba, ta shigo kicin ta zauna, ta ci burodin Noeline har uku. Sannan ta ce akwai abin da ya ɗaure mata kai. Matan nan arba'in na filin rafi sun haifi 'ya'ya talatin da takwas, ciyawa ɗaya suka ci, ruwa ɗaya suka sha. Goma sha bakwai sun mutu ko suna hanya. Ashirin da ɗaya kuwa ɓul-ɓul, ko alamar zawo babu. Da aka gwada jininsu don tabbatar da uba, duk masu mutuwar na Baron ne. Masu ƙibar ba nasa ba ne, ba kuma na wani toro da ke gonar Murray ba.

"Shi ne na ce bari in leƙo maƙwabta, Mista Rennie," ta ce, tana kallon cikin kofinta. "Ko akwai wani mai yawo."

Ta yi masa bayani a hankali. Ƙwayar cutar tana shiga kowane ɗan barewa da ya yi kiwo a gurɓatacciyar ƙasa, amma ba kowanne take kayarwa ba. Akwai waɗanda jikinsu yake tare ta a hanji ya hana ta yaɗuwa, kuma ga alama wannan ƙarfin gado ne, uba yana ba 'ya'yansa kamar yadda yake ba su siffar ƙaho. Ba duka ba, ba kuma kullum ba, amma a wasu toraye abin a bayyane yake. Ta tambaye shi yayayyu nawa ya rasa bana. Ya ce huɗu. Bara fa? Shida. Ta tambayi tun yaushe mutuwar ta ragu. Ya buɗe baki zai ce tun da ya zuba farar ƙasa a fadamar ya kuma janye ruwan, don abin da ya yi shekaru yana gaya wa kansa ke nan, sai ya tuna shekarar da ya fara sa Maratayi a kan matan garkensa, don ba shi da halin sayen wani toron. Ya rufe bakinsa.

Ya bar ta ta ɗebi jinin. Bayan mako uku ta bugo waya, ta faɗi abin da ya riga ya sani.

Noeline ta ce ba ta taɓa ganinsa haka ba, ko ranar gasar. Shekara huɗu yana dafa mugunta, ya jiƙa wandonsa, ya sha suka a cinya, ashe magani ya kai wa Murray har gida, kyauta. 'Ya'ya ashirin da ɗayan nan su ne kaɗai abin da ya rage wa mutumin da zai iya nuna wa mai saye. Dougal ya ɗauko bindiga daga kabad ya nufi ƙofa. Noeline tana wanke-wanke, ba ta ko juyo ba.

"Je ka harbe shi," ta ce. "Abu ɗaya tak a duniya da Murray Strachan zai tako ya roƙa a wurinka, je ka jefa shi a rami. Sai ka dawo in zuba maka shayi, gwanin dabara."

Ya daɗe tsaye a bakin ƙofa. Sannan ya mai da bindigar.

Murray ya zo bayan kwana tara, da ƙafa, ya rame, hularsa a hannu. A bakin ƙofar gidan ya tarar da bokitin ruwan magani da buroshi. Dougal yana zaune a kan dakali, ya nuna masa bokitin da haɓa, ya ce a yi haƙuri, an ce akwai cuta a gonar sama. Murray ya tsuguna ya wanke takalmansa, ɗaya bayan ɗaya. Da ya miƙe ya ce ya je ya duba ƙyauren rafi, kuma ruwa ba ya warware waya ya sake ɗaure ta da irin ƙullin da ake ɗaure ƙafar barewa.

"Rabinka ne, Direba," in ji Dougal. "In ƙyaurenka ya lalace, ni ya kamata in yi ƙara. Torona ya dawo a rame."

Murray ya yi ƙoƙarin dariya, ba ta fito ba. Ya ce masu saye sun gudu, ya ce ɗansa yana maganar sayar da gonar a dasa itatuwa. Yana son irin Maratayi, ko aro ko saye, a faɗi kuɗin. Dougal ya ce kuɗin Noeline za ta faɗa, kuma ba za ta yi sauƙi ba, amma shi nasa sharaɗin ba na kuɗi ba ne. Gasar ƙaho saura wata guda. Murray zai tsaya a inda ya tsaya a wancan karon, ya faɗi daga inda cutar ta fito, da ramin bayan itatuwa, da maganar tsutsar ciki.

"Buhu, shekara bakwai ranka yana hannuna, ban taɓa sakinka a kan dutse da gangan ba."

"Casa'in na harbe," in ji Dougal. "Da hannuna."

Ranar gasar zauren ya cika, don labari ya riga ya zaga. Murray ya tashi bayan an gama auna ƙahoni, ya faɗi maganar yana kallon tebur, da murya ƙasa-ƙasa. Ya kai ƙarshe. Sai Dougal, daga can baya inda yake jingine da bango, ya sa hannu a kunne ya ce a yi masa afuwa, jirgin Direba ya kashe masa kunne tun suna samari, bai ji komai ba. Murray ya sake faɗa daga farko, da ƙarfi.

Noeline ta zo da farantinta a ranar, karo na farko cikin shekara shida. Da aka buɗe abinci mata suka yo kansa, kowace da yabo a bakinta. Ta bar su suka iso, sannan ta rufe shi da tawul ta ɗauka ta fita. A cikin mota suka cinye shi ita da Dougal, gilashi a rufe, mutane suna wucewa.

Akwai sauran abu guda da Murray bai sani ba sai da takardu suka iso. Duk mai sayar da iri dole ya yi wa garkensa da toronsa rajista da suna, kuma sunan ne ake bugawa a ƙarƙashin kowane ɗa. Littafin gwanjon Murray na Janairun da ya biyo baya ya fito da sheƙinsa kamar kullum, kuma a shafi bayan shafi, ƙarƙashin hoton kowane ɗan toro, an rubuta: uba, Maratayin Hula, na Ƙazamar Gona. Mai gwanjon ya karanta shi da ƙarfi sau goma sha tara. An sayar da su duka.

Gonar Murray ta tsaya da ƙafarta, kuma wannan har yau yana ci wa Dougal rai. Marama ta taɓa tambayarsa ko yanzu an shirya, ya ce ba a yi faɗa ba balle a shirya. Maratayi ya mutu da tsufa, amma 'ya'yansa maza uku suna bayan rumbu, kuma Dougal ba ya karɓar saƙo ta waya ko ta hannun wani. Kowace shekara kafin ruri Murray yana gangarowa da kansa. Bokitin yana nan a bakin ƙofa. Ƙahon nan na gasar kuma Dougal ya kafa shi a bangon shiga kicin, daidai tsayin kafaɗa, ya cire duk wata ƙusa da ke kusa. Noeline ba ta yarda a zauna mata a tebur da hula a kai.